Turke, Mai Saukowa da Baya

Shekara talatin da ɗaya Turke ya yi yana saukowa daga benaye da baya. Aikinsa ke nan. Idan mutum zai tashi daga gida ya koma wani, kamfaninsu ake kira, su zo da babbar mota da igiyoyi da tsofaffin barguna, su kwashe rayuwar mutum ɗaki bayan ɗaki. Kowane kaya mai nauyi kuwa, gado ne ko firji ko sif, kai biyu gare shi a kan matakala: na sama da na ƙasa. Mai riƙe da na sama yana ganin inda za shi. Mai riƙe da na ƙasa ba ya ganin komai sai katako a gaban hancinsa, nauyin duka a ƙirjinsa yake sauka, dugadugansa su ne idanunsa. Turke na ƙasa ne tun ranar da ya fara, kuma da za a ba shi na sama kyauta da sai ya ɗauke shi zagi.

Gajere ne mai faɗi, wuyansa ya daɗe da nutsewa cikin kafaɗu, kamar wanda aka ɗora wa wani abu tun yana saurayi aka manta ba a sauke ba. Sunan da iyayensa suka raɗa masa yana nan a katin aiki, amma ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuna shi. Turke ake ce masa saboda inda ya kafa ƙafa nan ta kafu, haka ma inda ya kafa magana.

Sana'ar ta koya masa raina mutane, ya kuma koya da kyau. Ya ga ƙarƙashin gadon alƙali, ya ga bayan firjin likita, ya ga abin da malamin makaranta ke ɓoyewa a saman sif. Daga nan ba wanda ya sake yi masa kwarjini. Yakan ce mutum na gyara falo don baƙi, amma halinsa na gaskiya yana bayan kujera tare da ƙura da bawon lemo. Shi kansa ɗaki biyu gare shi a ƙasa, domin ya rantse ba zai taɓa kwana a bene ba. Ba ya son ranar da za a sauko da gadonsa wani ya ga ƙarƙashinsa.

Mai riƙe masa kan sama shi ne Falwaya, mijin ƙanwarsa, dogo siriri mai ɗan rankwafawa, wanda Turke da kansa ya kawo kamfanin. Shekara ashirin da huɗu suna ɗaukar kaya tare, goma sha bakwai daga ciki ba sa magana. Tsani ne ya raba su. Falwaya ya ari tsanin Turke zai gyara rufin ɗakinsa, ya mayar da shi da taki ɗaya a karye. Turke ya ce an karya masa, Falwaya ya ce haka ya same shi. Tsanin ya daɗe da zama itacen wuta, tokarsa ma iska ta kwashe, amma maganar tana nan da ranta, ana ba ta ci ana ba ta sha. Da safe sukan yi sallama, don kada a rubuta musu zunubin gaba, kowa yana kallon bango. Daga nan shi ke nan sai gobe.

Ƙanwar ta yi shekara biyar tana kai saƙo tsakanin wa da miji, ce masa kaza, ce masa na ce kaza, har ta gaji ta rantse ta sauka daga muƙamin. Ta ce ita ba gidan waya ba ce.

Abin haushi ga duk mai son sulhu shi ne, babu masu ɗaukar kaya kamarsu a kamfanin. Sauran suna hawa suna sauka da ihu, ɗaga, juya, a hankali, su kankare bango su ɓalle hannun ƙofa, kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Su biyun nan katako ne ke kai musu saƙo. Falwaya zai ɗan danna gefe ɗaya, Turke ya san kwana ta zo. Turke zai ɗan ja numfashi, sif ya gaya wa Falwaya cewa takin nan ya fi 'yan'uwansa tsayi. Kaya kan sauko tsakaninsu kamar kwale-kwale a ruwa marar iska, masu gida su tsaya suna kallo, wasu har su ce kai, waɗannan akwai ƙauna tsakaninsu.

Shekara uku da suka wuce hannun daman Turke ya fara cin amanarsa. Abin kan fara ne kamar tururuwa na tafiya daga gwiwar hannu zuwa ƙaramin yatsa. Idan tururuwar ta taso, saura numfashi goma hannun ya zama na wani, yatsu su buɗe da kansu, ba shawara ba sallama. Ranar farko firji ne a ƙirjinsa, hawa na uku. Kafin ya gama tsorata sai ya ji ɓangaren dama ya yi sauƙi. Falwaya ya karkata dogon bayansa ya janye nauyin, suka kai fili tsakanin hawa da hawa, ya dire firjin, ya dafa bango ya kama tari. Ya yi ta tari har hannun Turke ya dawo gida.

Tun daga ranar Falwaya ya kamu da tarin matakala. Ba ya yinsa a mota, ba ya yinsa wurin cin abinci, sai a bene, sai kuma da kaya mai nauyi. Abokan aiki suka sa masa ido, suka ce rago ne, kowane hawa sai ya huta. Turke kuwa, idan ana wannan tsegumi, yakan gyaɗa kai ya ce ai dogon mutum ba shi da ƙwari. Bai taɓa godewa ba, don godiya magana ce. Matarsa ba ta san da hannun ba, likita bai sani ba, kamfani bai sani ba. Ranar da kamfani ya sani, ranar zai bar matakala, shi kuma bai san wani wuri a duniya da yake babban mutum ba in ban da nan.

Ana nan sai mai kamfanin ya tsufa, ya kawo Manaja. Mutum ne mai tsabta da fara'a da kyakkyawar niyya, wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi wayarsa nauyi ba. Wata uku da zuwansa ya tafi bitar kwana uku a wani otal, ya dawo da kwalin shaida da haske a fuska, irin na wanda aka nuna wa sirrin halitta tsakanin shayin safe da abincin rana.

Ya tara su a sito, cikin barguna da igiyoyi, ya jingina allo a jikin tayar mota. Ya bayyana musu cewa duk rigimar wurin aiki daga rashin sanin halin juna take. 'Yan Adam, in ji shi, kashi huɗu ne. Akwai Wuta, mai son jagora da saurin fushi. Akwai Ruwa, mai haƙuri da bin inda aka karkata shi. Akwai Iska, mai surutu da son jama'a. Akwai Ƙasa, mai lissafi da jan ƙafa. Kowa zai cike takarda mai tambaya arba'in, a gano irinsa, a maƙala masa bajo a ƙirji don abokin aiki ya san ta inda zai ɓullo masa. Babbar doka kuma ita ce ba a haɗa iri da irinsa a aiki ɗaya.

Direban babbar mota ya tambaya ko kakarsa, wadda ta rayu shekara casa'in tana zagi tana kyauta tana kuka duk a lokaci guda, wane kashi ce. Manaja ya ce da ta cike takardar da an gano.

A faɗi gaskiya, ba duk abin banza ba ne. Direban da akawun ofis, waɗanda suka yi shekara suna hararar juna, sun ɗan sassauta bayan an gaya wa direba cewa akawu ba wulaƙanci yake masa ba, Ƙasa ne, haka Allah ya yi shi, ko gobara ake yi sai ya nemi biro. Mutum ya fi yafe wa ɗan'uwansa idan aka ce masa ciwo ne ke damunsa.

Turke ya zauna a kan kwali da takardarsa. Wata tambaya ta ce, idan abokin aikinka ya ɓata maka rai me kake yi: ka gaya masa nan take, ka yi haƙuri, ka mayar da abin wasa, ko ka je ka yi nazari? Ya duba sama ya duba ƙasa, bai ga inda aka rubuta ka daina yi masa magana shekara goma sha bakwai ba. Sai ya zaɓi ta farko, don ta fi kama da namiji. Haka ya bi sauran. Duk inda ya ga jagora ya sa alama, duk inda ya ga bi ya tsallake kamar kashin kare. Sakamako ya fito, Wuta, maki talatin da takwas cikin arba'in. Ya tafi gida da jan bajo a ƙirji, bai cire ba har wurin cin abinci. Matarsa ta ce ita da aka tambaye ta da an huta da ɓata takarda.

Daɗin bai kwana biyu ba. Aka liƙa jeri a ƙofar sito: Falwaya ma Wuta ne. Wuta biyu ba za su riƙe kaya ɗaya ba. Daga farkon wata mai zuwa Turke zai koma aiki da Rediyo, wani ƙaƙƙarfan magidanci mai 'ya'ya shida, wanda bakinsa ba ya rufuwa sai in yana shan ruwa, kuma bai taɓa tari a matakala ba. Saura mako uku.

Turke ya karanta jerin sau uku, ya sa hannun dama cikin aljihu kamar mai ɓoye kayan sata, ya nufi ofis.

“Ranka ya daɗe, takardar nan ta yi mini ƙarya. Ran nan ban zo da tabarau ba.”

“Baba, ai ba ka sa tabarau.”

“Shi ya sa.”

Manaja ya yi murmushin likita ga majiyyaci mai gardama. Ya ce wannan shigowa ma da ya yi ba ƙwanƙwasa ƙofa, ita kanta shaidar Wuta ce. Amma littafin bita ya yarda a sake gwaji sau ɗaya, ɗaya tak, idan mutum ya nuna a aikace cewa halinsa ba haka yake ba. Ya ba shi mako biyu, zai sa masa ido.

Da Turke mai sauƙin kai ne, da magana ɗaya ta isa. Ya tsaya gaban mijin ƙanwarsa ya ce, kai zauna a Wuta, ni zan koma Ruwa, sai a bar mu tare. Amma faɗin haka daidai yake da cewa ina bukatarka, kuma ya gwammace sif ya danne shi. Sai ya ɗaura ɗamarar zama Ruwa shi kaɗai, a asirce, kamar mai shirin jarrabawa.

An ce hali zanen dutse, to Turke ya sa guduma. Washegari ya shigo kamfani yana murmushi. Fuskar ba ta saba ba, sai abin ya fito kamar na mai ciwon haƙori a gaban suruki. Ya gaida maigadi har da tambayar iyali, maigadi ya laluba aljihunsa ya tabbatar makullai suna nan. Direba ya taka masa ƙafa da gangan don gwaji, Turke ya ce ai laifin ƙafar ne da ta tsaya a hanya. Wata mai gida ta sa ya matsar da kujera sau shida daga bango zuwa bango, ta dawo da ita inda take da farko, ya ce ai nan ɗin ma ya fi kyau, Hajiya. Jijiyar wuyansa tana harbawa kamar za ta tsinke, amma haƙoransa suna waje. Duk lokacin da Manaja ya gifta sai ya ƙara musu biyu.

A gida abin ya fi tsanani. Matarsa ta kawo masa shayi mai sanyi, ya sha ya gode. Kashegari ta zuba gishiri a abinci har ita kanta ta kasa ci, ya cinye ya ce hannunta ba ya tsufa. A rana ta huɗu ta zauna bakin gado ta fashe da kuka, ta ce ya gaya mata abin da likita ya ce, ita mai iya ɗauka ce. Da ya rantse bai je asibiti ba sai ta aika aka kira ƙanwarsa, domin ruwa ba ya tsami banza.

Ƙanwar ta zo ta zauna ta ƙare masa kallo, daga murmushin har zuwa hannun da ke cikin aljihu.

“Yaya, akwai abin da kake so a gaya wa wani?”

Maganar ta taso masa har maƙogwaro, ta tsaya nan tana jiran izini. Ya haɗiye ta da ƙyar kamar busasshen burodi.

“Wa nake da shi da zan aika wa saƙo?”

“To madalla, don ni ma na daina kaiwa.” Ta gyara mayafinta, ta ce wa matar ta kwantar da hankalinta, ba mutuwa ba ce, wauta ce, kuma a danginsu ba ta kisa, sai dai ta daɗe.

A kamfani Rediyo ya fara yaɗa cewa ciwon murmushi ya zama annoba, mutum biyu ya kama. Turke ya ji, amma bai tambayi waye na biyun ba, saboda Ruwa ba ya bin diddigi. Fuskar Falwaya kuwa shekara goma sha bakwai rabon da ya dube ta. Kullum akwai sif ko firji tsakaninsu, in babu kuma akwai bango.

Ranar Litinin ta mako na uku ya sake gwajin a ofis, ƙofa a rufe. Duk inda ya ga haƙuri ya sa alama. Ya amince a rubuce cewa yana son a jagorance shi, yana gudun gardama, kuma idan aka ɓata masa rai yakan nemi uzuri ga wanda ya ɓata. Biron kansa ya so ya ƙi rubutu. Maki arba'in cikin arba'in. Manaja ya miƙa masa shuɗin bajo da hannu biyu, ya ce a riƙe shi a aljihu sai ran ɗaya ga wata, ranar da sabon jeri zai fito.

Ran ɗaya ga wata Turke ya yi wanka da wuri, ya maƙala shuɗin bajonsa, ya shigo harabar kamfani ƙirji a gaba. Can gefen mota ya hango Falwaya yana naɗe igiya. A karo na farko cikin shekara goma sha bakwai ya dube shi sosai, daga sama har ƙasa. Gashinsa ya yi fari, bai san yaushe ba. A ƙirjinsa kuma akwai bajo, shuɗi shar.

Suka tsaya suna kallon ƙirjin juna, igiya tana zamewa daga hannun Falwaya.

Manaja ya fito yana tafa hannu. Ya ce wannan shi ne abin da ake kira nasara, Wuta biyu sun huce cikin mako uku, zai rubuta wa masu bita su sa a littafi. Sai dai fa doka tana nan: Ruwa da Ruwa ba sa haɗuwa, ba mai yanke shawara, sai su tsaya a matakala kowa na cewa bismilla. Jeri bai canja ba. Gwaji na uku kuma babu shi, don hali ba riga ba ne.

Aikin ranar a hawa na huɗu yake, gidan wata malamar asibiti da ta yi ritaya za ta koma kusa da 'yarta. Tsohon gini ne, matakala ƙunci, takunta sun lashe a tsakiya, kowace kwana sai an yi mata dabara. A ɗakin kwana sif yake, mai ƙofa uku, irin na da, wanda kafinta ya haɗa shi don ya ga jikoki, ba a kwance shi ba a lallashinsa. Manaja ya biyo su da takarda da biro don ya ga sababbin abokan aiki da idonsa.

Turke ya shiga ƙasa, Rediyo ya kama sama. Mutumin kirki ne Rediyo, ƙarfi kamar ingarma, kuma ya haddace darasin bita. Kowane taki sai ya tambaya, Baba ya kake ji, Baba ka gamsu da saurin nan, Baba in akwai abin da ke ranka ka faɗa, mu Iska muna son a buɗe zuciya. Tsakanin tambaya da tambaya ya ba da labarin haƙorin ɗansa na uku da rigimar maƙwabcinsa da mai gyaran famfo. Katakon kuwa shiru. Turke ya saurara da tafin hannu, ya saurara da ƙirji, sif bai ce masa komai ba, kamar wayar da aka yanke.

Suka kai filin hawa na uku, inda aka saba tari. Rediyo ya ce ai jikinsu ya yi zafi, su wuce kawai. Suka wuce.

A taki na huɗu tururuwa ta taso daga gwiwar hannu.

Turke ya fara ƙirga numfashi. Filin gaba saura taki takwas, numfashi goma ba za su kai shi ba. A bayansa, taki biyu ƙasa, Manaja ne ke saukowa yana rubutu, yana cewa madalla, madalla. Idan hannun ya buɗe, sif zai tafi da Turke ya tafi da Manaja har bango. Rabin wannan tunani bai yi masa ɗaci sosai ba.

Daga sama, inda Falwaya ke biye da su ɗauke da katakon gado shi da sabon abokinsa, sai aka ji tari. Tari mai ƙarfi, na gaggawa, wanda ya cika benen har ƙasa. Ba ya riƙe da sif, ba abin da ya gaya masa, taku kawai ya ƙirga. Rediyo ya ɗaga murya ya ce sannu, a nemi zuma da lemon tsami, ya ci gaba da saukowa.

Numfashi shida. Bakwai. Ƙaramin yatsa ya tafi, na kusa da shi ya bi shi.

“Ajiye,” in ji Turke.

“Baba, saura kaɗan mu kai fili.”

“Ajiye nan. Jingina shi da bango. Hannuna ya mutu.”

Rediyo ya yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba, ya karkata sif ɗin ya tokare shi tsakanin bango da ƙarfen matakala. Turke ya zame daga ƙarƙashi ya zauna a kan taki. Hannun yana rataye a gefensa, yatsu a buɗe, kamar safar hannu da aka manta a kan igiya. Kowa ya gani. Malamar asibitin ta leƙo ta saman ƙarfe, ta dube shi da idon sana'a, ta tambaya tun yaushe. Ya ce shekara uku. Ta ce kuma yana shiga ƙarƙashin kaya? Ta ce ta yi aiki shekara talatin da biyar, ta ga masu taurin kai iri-iri, amma yawancinsu a kwance ake kawo su.

Manaja ya dubi sif, ya dubi inda yake tsaye, ya dubi bangon da ke bayansa, fuskarsa ta koma kalar takardar hannunsa. Da muryarsa ta dawo bai yi faɗa ba. Ya ce daga yau Baba ya bar matakala. Akwai wuri a sito, naɗe barguna da ba da igiya, aiki ne da ya dace da Ruwa ƙwarai, littafi ma ya faɗa.

Turke ya dubi hannunsa. Yana zaune yana jin yadda shekara talatin da ɗaya ke sauka daga kafaɗunsa, kuma sauƙin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan.

Sai ga dogon wuyan Falwaya ya leƙo ta saman sif, ta ɗan tsakanin da ya rage kusa da rufi.

“Yaya.” Muryar ta tsufa, sallamar safe ba ta taɓa nuna wa Turke haka ba. “Wa ya aike ka?”

“Da ni kake?”

“Da kai nake. Kai da aka haifa Wuta, uwarka Wuta, kakarka Wuta, me ya kai ka Ruwa? Na je ranar Talata na zubar da mutuncina, na rubuta da hannuna cewa ina son a jagorance ni. Abin da ya rage maka kawai ka zauna yadda kake. Shi ma ka kasa.”

“Ni ranar Litinin na je. Na riga ka. Kai ne ka kwaikwaye ni.”

“Ta yaya zan kwaikwayi abin da ban sani ba?”

“Da ka tambaya.”

“In tambayi wa? Bango?”

“Mako biyu ina yi wa maigadi murmushi, kai dogon banza, duk kamfani sun gani sai kai.”

“Ni mako biyu ina ba direba haƙuri. Har kujerar gaba na bar masa ya ɗora jakarsa. Shekara uku kuma ina tarin da ba nawa ba, maƙogwarona ya ƙare, kana zaune ana ce mini rago kana gyaɗa kai.”

“To ƙarya aka yi? Wa ya ce ka yi ta yi kamar tsohuwar mota? Tari ɗaya ya isa.”

Suka ci gaba, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, sif a tsakiya ya toshe hanya. Mutanen hawa na uku da na huɗu suka taru da jakunkuna da yara 'yan makaranta suna jiran a ba su wuri. Malamar asibiti tana tambaya wa zai sauko mata da kayanta. Rediyo ya buɗe baki sau biyu zai sa baki, bai sami ƙofa ba.

Manaja ya tsaya yana sauraro, kansa na juyawa daga ƙasa zuwa sama. A hankali jini ya dawo masa fuska. Ya gyara takardarsa a kan gwiwa, ya nemo layin da aka tanada don sakamako, ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa cewa ma'aikata biyu da suka daɗe ba sa magana yanzu suna bayyana wa juna abin da ke ransu a fili, kuma a rana ta farko. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.